Me ke ɗaukar zink daga hanji zuwa jini?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗalibar koyon jinya ce. Na ji ana cewa enzayim ne ke shigar da sinadarin zink cikin jini daga ƙaramin hanji. Wane enzayim ne? Kuma me ya sa mutum zai ci ya ƙoshi amma zink ya yi masa ƙaranci?

Amsa: 'Yata, akwai ɗan gyara a nan. Enzayim, wato sinadarin da ke taimakawa wajen narka abinci, ba ya dakon zink, aikinsa kwance shi. Zink yana zuwa ne maƙale da furotin ɗin abinci, sai ruwan tsamin ciki da enzayim masu narka furotin, irin su fefsin, su sake shi. Dakon kuwa na wasu furotin ne da ke jikin bangon hanji, galibi a farkon ƙaramin hanji da tsakiyarsa. Ɗaya daga cikinsu, ZIP4, ita ce ƙofar da zink ke shiga ƙwayoyin bangon hanji daga ɓangaren abinci, wata kuma mai suna ZnT1 ta fitar da shi zuwa jini, inda albumin, wani furotin na jini, ke ɗaukarsa ya nufi hanta. Idan zink ya yi ƙaranci, hanji kan ƙara yawan ZIP4. A 2002 aka gano cewa lalacewarta ce ke kawo wata cutar gado, wadda ke sa jariri gudawa, zubewar gashi da ƙuraje kewaye da baki, sau da yawa bayan yaye.

Tambayarki ta biyu ta fi damuna, domin a tukunyarmu take. Gero, dawa, masara da wake duk suna da zink, amma suna ɗauke da wani sinadari mai suna faitet, wanda ke damƙe shi tun a cikin hanji, su bi bayan gida tare. Enzayim ɗin da ke farfasa faitet shi ne faitas, hanjin ɗan Adam kuma kusan ba ya yin sa. Yana cikin ƙwayar hatsi da ƙwayoyin da ke sa tsami, kuma ba ya motsi sai an jiƙa. Dubi mai koko: ta jiƙa gero, ta kai niƙa, ta tace, ta bar gasara ta kwana har ta yi tsami. A wannan zaman faitet ke raguwa, ko da bai ƙare duka ba. Hatsin da aka bari ya tsiro ma haka.

Shi ya sa nake ce wa iyaye mata su riƙa dama wa yaro kunun kamu mai tsami, su haɗa masa da ɗan nama, hanta ko kifi, domin zink ɗinsu ya fi saurin shiga jiki.