Za a Iya Sayar wa Masu Kallo Daga Nesa Tikitin Wasan Mawaƙa?

Tambaya: Ina cikin masu shirya wasan Sallah na mawaƙa a Kano, kuma kowace shekara 'yan uwa mazauna Saudiyya da Ghana suna roƙon mu haska musu wasan kai tsaye. Shin za a iya sayar musu da tikiti ta intanet, kuma me ake bukata?

Amsa: Za a iya. Harkar ta bunƙasa ne a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe wuraren taruwa. A watan Yunin shekarar, ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu mai suna BTS ta yi wasan da mutum kimanin 756,000 daga ƙasashe fiye da ɗari suka kalla a lokaci guda, bayan sun yanki tikiti. Sai dai kada adadin ya ruɗe ka, domin da aka sake buɗe zaurukan wasa kasuwar ta ja baya, kuma a yau waɗanda ke biya galibi su ne waɗanda nisa ya hana su zuwa, wato irin mutanen da ka ambata.

Abu na farko da za ka kula da shi shi ne ƙofar shiga. Kowane mai saye yana bukatar lambarsa ta kansa, wadda ba ta buɗewa a waya biyu lokaci guda, in ba haka ba mutum ɗaya zai saya ya tura wa dangi da abokai ta WhatsApp. Ƙofar kuma dole ta iya ɗaukar cunkoso, saboda kusan kowa yana zuwa ne a mintunan ƙarshe. A watan Mayun 2021, masu shirya bikin Glastonbury na Ingila sun sayar da tikitin kallo ta intanet a kan fam 20, amma lambobin mutane da yawa suka ƙi aiki, har ta kai ga buɗe wasan kyauta tare da mayar wa masu ƙorafi kuɗinsu. Wajen karɓar kuɗi, kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave suna karɓar katin banki, amma ka gwada da katin wani mazaunin waje tun kafin ranar.

A ganina, inda masu shiri suka fi yin sakaci shi ne sauti. Mai kallo yana haƙuri da hoton da ya ɗan dushe, amma ba ya haƙuri da muryar da ihun jama'a ya danne. Saboda haka kada a dogara da makirufon kyamara. A jawo waya daga na'urar haɗa sauti kai tsaye, sannan a kafa makirufo ɗaya yana fuskantar 'yan kallo, a rage ƙarfinsa, domin wanda ke Jidda ya ji tafi da guɗa ba tare da sun rufe kalangu ba.

Hoto mai kyau sosai yana bukatar turawa da saurin kusan megabit 6 a daƙiƙa, wanda ke cinye wa mai kallo wajen gigabait 2.7 a sa'a, don haka a ba shi zaɓin rage ingancin hoton. A tanadi layin intanet biyu na kamfanoni daban-daban, domin idan fili ya cika, wayoyin 'yan kallo kansu ke danne sabis, kuma na'urar turawa ta kasance a kan batir ko da janareta zai tsaya.

Akwai kuma bambancin lokaci: wasan da ya fara ƙarfe tara na dare a Kano, ƙarfe sha ɗaya ne a Jidda, takwas a Kumasi. Ka bar wa mai tikiti damar sake kallo na kwana biyu, amma ka samu amincewar kowane mawaƙi a rubuce kafin hakan.