Kafin Ka Haɗa Fanka Darek

Ka ce min, "Oga, Golf 3 ɗin nan da ke tafasa, me zai hana mu zare tamostat mu haɗa mata fanka darek mu huta, tunda haka kowa ke yi?" To zauna, yarona. Tamostat ita ce 'yar ƙofar da ke tare ruwa har injin ya yi zafi kafin ta sake shi zuwa lagireto, darek kuwa shi ne a ba fanka wuta ta yi ta juyi muddin injin na aiki. Gaskiya ne haka ake yi a gareji da yawa, amma ni ba na taɓa waya ko ɗaya sai na san abin da ya kawo zafin.

Kafin ka ɗauki sifana, direba za ka fara tambaya: a ina take yin zafin? In ya ce sai ya shiga cunkoson Bata a nan Kano allurar zafi ke haurawa, da ya samu hanya ta sauko, to ya riga ya yi maka rabin aikin. Mota in tana gudu iska ce ke ratsa lagireto da kanta, in ta tsaya kuma fanka kaɗai ta dogara da ita. Amma in ya ce cikin gari lafiya lau, sai ya kama hanyar Zariya da lodi take tafasa, ka rabu da fanka. Ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya toshe.

Wannan direban cunkoso ya ce, saboda haka fanka za mu bi. Bari injin ya huce tukuna. Kada ka kuskura ka kwance marfin ruwa da zafi, ko da mai mota na tsaye a kanka yana sauri, domin ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, matsi ne kawai ya danne shi, kana sassautawa zai yi tsiri ya sale maka hannu da fuska. In ya huce ka cika ruwa, ka tayar, ka tsaya kana kallo. Allurar motar nan wajen 90 take zama. In ta ɗan gota, fanka ya kamata ta tashi, ta yi ɗan lokaci, ta ɗauke. In allura na ta tafiya fanka shiru, kashe injin.

Fara da fiyus, shi ne mafi araha. Daga nan ka duba jikin lagireto, za ka ga suwic a ɗaure da soket a kansa. Shi ne ke jin zafin ruwa ya ba fanka wuta. Zare soket ɗin, ka ɗauki guntuwar waya ka haɗa bakin da ke kawo wuta da wanda ke tafiya fanka. Ka janye yatsunka daga fukafukan, don a motar nan fanka na iya tashi ko da makulli na aljihunka. In ta juya, fanka da wayoyinta lafiya suke, suwic ne ya mutu, ko kuma ruwan zafi ne ba ya isa wurinsa. In ba ta juya ba, ba ta wuta kai tsaye daga batir. Ta tashi, matsalar na waya ne ko rile, wato ɗan akwatin da ke sakar mata wuta, sai a kira rewaya. Ta ƙi, motar fankar, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta, ta ƙone. Akwai kuma wadda za ta juya a kasale, har kana iya ƙirga fukafukanta, ita ma ta gama aiki.

Abin da yara ke tsallakewa shi ne wancan da na ce, ruwan zafi bai isa suwic ba. Kama tiyon sama, ka kama na ƙasa. In na sama ba ya taɓuwa, na ƙasa kuwa sanyi ƙalau alhali allura ta yi sama, tamostat ce ta maƙale a rufe. Fitar da ita ka jefa cikin tafasasshen ruwa. Mai lafiya tana fara buɗewa wajen digiri 87, za ka ga bakinta ya buɗe a idonka. In ta ƙi, a sayo wata a kasuwar Ƙofar Ruwa a mayar. Masu cewa ta ƙasar sanyi ce ba ta da amfani a nan, su tuna safiyar hunturu. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai da yawa, kuma yana saurin cinyewa. Fankar darek ita ma tun daga tayarwa har kashewa take juyi, tana wahalar da caji, motarta ta mutu da wuri, ranar da ta tsaya kuma direba ba shi da labari sai ya ga hayaƙi.

In an taɓa canja fankar da ta wata mota, sa takarda a gaban lagireto. Ya kamata iska ta manna ta a jiki. In tana turo ta waje, an juya wayoyi, fanka na faɗa da iskar hanya.

Shi kuwa lagireto, haska tocila ta bayansa. Ƙurar hunturu da kaikayi da fukafukan ƙwari kan liƙe ramukan har haske ya kasa wucewa. Ciki kuma ruwan rijiya da ake ta ɗurawa yana barin tsatsa da farin datti, kamar gindin butar mai shayi. Bi jikinsa da tafin hannu in injin ya ɗumama an kashe, inda ka ji sanyi nan ne ya toshe. Marfin ma duba robarsa, don in ba ya riƙe matsi ruwa zai tafasa da wuri ko da komai lafiya.

Tunda direban ya ce ta tafasa da shi fiye da sau ɗaya, kada ka sallame shi sai ka gwada gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa. Da safe injin na sanyi, buɗe marfi ka tayar. In kumfa na ta bulbulowa ba tsayawa, ko ka mayar da marfi tiyo ya yi tauri nan da nan, ko baƙin mai ya koma launin shayi da madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan injin ya yi zafi, to sai an sauke tof, wato kan injin. In ka ga ɗaya daga ciki, kada ka yanke masa kuɗin aiki, kira ni mu duba tare.