Filin Tambaya da Amsa: Katin abinci na gwamnati a Amurka, wa ya cancanta, ya ake nema?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonnin da suka fi yawa daga 'yan uwanmu mazauna Amurka suka zo, kuma kusan duk akan abu ɗaya ne, wato katin abincin nan da gwamnati ke bayarwa. Na zaɓi guda biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni matar aure ce a Bronx cikin birnin New York, yarana uku, biyu a nan aka haife su, babbar kuma da ita muka zo, ni da ita da babansu duk muna da girin kad shekara uku kenan. Maigidan tasi yake ja kuma wlh kasuwa ta ja baya, in aka biya haya da wuta abinda ke saura baya kai mu ƙarshen wata. Maƙociyata tace in nemi fud stam, wato katin abincin nan, wata kuma tace kar in kuskura zai ɓata mana takardu. Kuma gsky ni kunya nake ji, gani nake kamar bara ce. Dan Allah ki bani shawara.

AMSA: 'Yar uwa Allah ya kawo sauƙi. Bari in fara da kunyar, don na lura ita ce ta fi hana mutanenmu motsi, ba dokar ba. Wannan abun ba bara bane, shiri ne na gwamnatin tarayya da ake biya da kuɗin haraji, harajin da shi ma maigidanki yake biya duk shekara. Tun 1964 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar, a 2008 aka canza mishi suna ya koma SNAP duk da har yau bakin mutane bai bar cewa fud stam ba, kuma a 2024 mutum sama da miliyan 40 ne ke karɓa duk wata a faɗin ƙasar, da fari da baƙi, da haifaffen gari da baƙo. Ba takardar da za ki miƙa a gaban mutane, kati ne da ake kira EBT, kamar na banki, ki saka a na'ura ki danna lambar sirrinki shikenan. Toh kinga ina abin kunya a uwa ta ciyar da 'ya'yanta ta hanyar da doka ta buɗe?

Yanzu batun cancanta. Ke da maigida tunda girin kad ɗinku, wato katin izinin zama na dindindin, bai cika shekara 5 ba, a ƙa'ida sai kun jira ya cika kafin ku da kanku ku shiga. Amma yaran fa? Biyun da aka haifa a nan 'yan ƙasa ne, haƙƙinsu ne, ita ma babbar in bata kai 18 ba wannan jiran na shekara 5 bai hau kanta ba. Don haka ke za ki cika takardar a madadin su. Wannan ne mutane da yawa basu sani ba, sai uwa ta ji an ce ke baki cancanta ba ta naɗe tabarmarta ta koma gida alhali yara uku na da rabo a ciki.

Za su duba kuɗin da ke shigowa gidan. Ma'aunin tarayya shine jimillar abinda kuke samu a wata kar ya wuce kashi 130 cikin 100 na layin talauci, wato adadin kuɗin da gwamnati ta ƙayyade a matsayin iyakar talauci gwargwadon yawan mutanen gidan, wasu jihohin kuma sun ɗaga nasu sama da haka, shi yasa nake cewa kar ki yanke wa kanki hukunci a ɗaki, ki nema su su yi lissafin. Kuma basa lissafi da kuɗin a dunƙule, ana cire kashi 20 na abinda aka samu ta hanyar aiki, ana duba haya da wuta da gas, da kuɗin da ake biyan mai kula da yara in akwai. Abinda ya saura sai su ɗauki kashi 30 nashi su cire daga mafi yawan abinda ake ba gida irin wannan. Misali daga Oktoba 2024 zuwa Satumba 2025 mafi yawan na gida mai mutum huɗu dala 975 ne, in abinda ya saura musu bayan cire-ciren dala 1,000 ne, a cire 300, za su samu 675 a wata. Duk 1 ga Oktoba ake sabunta waɗannan alƙaluman. Tunda maigida aikin kanshi yake, ya tara rasit na mai da gyaran mota da inshora, don abinda ya kashe akan aikin ba riba bane.

Sai maganar ɓata takardu, a nan ina so ki saurare ni da kyau don bana son in gaya miki abinda zai cuce ki. Akwai wata ƙa'ida da ake auna ko baƙo zai zama nauyi akan gwamnati. A 2019 an saka katin abinci cikin abubuwan da ake dubawa, a 2021 aka daina, ƙa'idar 2022 kuma ta fito fili tace ba a lissafa shi. Kinga kenan abu ne da ke juyawa da juyawar gwamnati. Kuma wannan awon yafi shafar mai neman girin kad ko biza, ku kuma kun riga kun samu, ba a yin shi a wajen neman zama ɗan ƙasa. Duk da haka kafin ki sa hannu ki je wajen ƙungiyoyin lauyoyi masu taimakon baƙi kyauta, New York cike take da su, ki tambaya da takardunki a hannu. Maganar maƙociya ko ta guruf ɗin WhatsApp kar ta zama ita ce hujjarki, ko ta ce miki yi ko ta ce bari.

TAMBAYA: Salam. An sallame ni daga aiki sati uku da suka wuce a Columbus, ni ɗan ƙasa ne yanzu, shekarata 41, ba iyali a nan. Abinda ke asusuna bai kai dala 60 ba. An ce min wai sai an yi wata ɗaya ana jira, ni kuma yau ma ban san me zan ci ba.

AMSA: Malam Allah ya musanya maka da mafi alheri. Yau ɗin nan ka shigar da takarda, kar ka jira gobe, kuma kar ka tsaya sai ka haɗa duk takardu. Doka ta ce suna da adireshi da sa hannu kawai sun isa a karɓi takardarka, kuma in an amince daga ranar da ka shigar ake fara lissafa maka, ba daga ranar da suka gama dubawa ba. Gaskiya ne suna da kwana 30, amma akwai na gaggawa na kwana 7 ga wanda abinda zai samu a watan bai kai dala 150 ba kuma abinda ke hannunshi bai wuce dala 100 ba, ko wanda kuɗin haya da wuta suka fi ƙarfin duk abinda yake da shi. Kai kam ka shiga ciki, ka faɗa musu da bakinka kana neman na gaggawa.

Za a yi maka intabiyu, yawanci ta waya, toh ka riƙe wayarka kusa kuma ka ɗauka ko baka san lambar ba, don mutane da yawa a nan suke faɗuwa, an kira basu ɗauka ba an rufe fayil. Ka tanadi katin shaida, takardar sallama daga aiki, takardar haya da ta banki. In Turancin ofis yana maka nauyi ka nemi tafinta, kyauta ne kuma haƙƙinka ne.

Abu ɗaya da zan ja hankalinka. Babba mai lafiya wanda bashi da ƙananan yara wata 3 kawai ake bashi cikin shekara 3, sai dai in yana aiki ko koyon sana'a ko aikin sa kai na awa 80 a wata. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ƙara tsaurara wannan, ta kai shi har masu shekara 64. Don haka tun a intabiyun ka tambaye su wane shiri za ka shiga da zai cika maka awannin. Na yau da gobe kuma ka kira 211 a wayarka, za su gaya maka wuraren rabon abinci kyauta mafi kusa da kai.

TAMBAYA: Anti katina ya fito jiya alhamdulillah. Me da me zan iya saya? Kuma shagon naman halal zai karɓa?

AMSA: Ma sha Allah. Duk abincin da za ki kai gida ki dafa ko ki ci, nama, kifi, hatsi, burodi, madara, kayan lambu, 'ya'yan itace, har iri da dashen kayan lambu in kina da ɗan fili. Banda giya da taba, banda magani da bitamin, banda sabulu da famfas da tishu, banda dafaffen abinci mai zafi na kanti, kuma banda dabba mai rai. Daga 2026 wasu jihohi irin su Nebraska da Iowa da Indiana sun fara cire lemon kwalba daga ciki, ki duba na jiharki. Shagon halal in yana da izini zai karɓa, za ki ga alamar EBT a ƙofa ko ki tambaya. Ba a ɗora miki harajin saye akan abinda kika biya da katin, yana aiki a kowace jiha, kuma abinda ya saura yana tsallakawa wata na gaba, sai dai in kika bar katin wata 9 baki taɓa ba za su kwashe. In kina da ciki ko yaro ƙasa da shekara 5 ki nemi WIC ma, shirin tallafin abinci ne daban na masu ciki da ƙananan yara, kuma ana iya haɗa biyun.

TAMBAYA: Wani mai shago yace in bashi katin ya ja dala 200 ya bani 120 a hannu. Ina so in tura wa mahaifiyata ne bata da lafiya. Ai kuɗina ne ko?

AMSA: Ɗana, Allah ya ba Mama lafiya, kuma na san abinda ke cin zuciyarka, amma dan Allah kar ka yi. Ba kuɗinka bane da za ka juya yadda kake so, an baka ne da sharaɗin abinci kuma ka sa hannu akan sharaɗin. Sayar da shi laifi ne a dokar tarayya. Wanda aka kama da karya ƙa'ida da gangan ana dakatar da shi wata 12 a karon farko, wata 24 a na biyu, na uku har abada, in kuma abinda aka sayar ya kai dala 500 tun karon farko an rufe ƙofar kenan, ga biyan abinda aka ci, ga yiwuwar kotu, wanda kuma ba ɗan ƙasa ba wannan ne zai iya taɓa takardunshi da gaske. Kuma kar ka ɗauka ba mai gani, duk jan da aka yi yana shiga kwamfuta, ƙaramin shago da ake ta jan manyan kuɗi a dunƙule shi ake fara bincika, in aka kama shi sai a bi katunan da suka ratsa ta wurin ɗaya bayan ɗaya.

Shi kanshi mai shagon ba taimakonka yake ba, dala 80 zai ci a cikin abincinka. Ka ci abinci da katin, kuɗin da a da kake kashewa a cefane daga albashinka shi za ka ware ka tura wa Mama, wannan halak ɗinka ne ba mai tambayarka.

TAMBAYA: Anti abu biyu ne suka same ni a wata ɗaya. Na je kanti aka ce ba komai a katin alhali ranar aka saka, da na duba wai an ja a wata jiha da ban taɓa zuwa ba. Sannan ga wasiƙa wai za a rage min kuɗin daga wata mai zuwa, ni kuma ba abinda ya canza a gidana. Ni dattijuwa ce shekara 66, jikoki biyu a hannuna.

AMSA: Innalillahi, Hajiya sannu, wannan abu da ciwo yake. Ɓarayi ne ke liƙa wata 'yar na'ura akan inda ake saka kati a kanti, ta kwafe lambar katin da lambar sirri. Ki kira lambar da ke bayan katin yanzu a toshe shi a baki sabo, ki sanar da ofishin, ki kai rahoto wajen 'yan sanda. Ba zan ɓoye miki ba, shirin tarayya na mayar da kuɗin da aka sace ya ƙare tun 20 ga Disamba 2024, don haka sai dai ki tambaya ko jiharki tana da nata. Nan gaba ki riƙa canza lambar sirri ana gobe za a saka kuɗi, kar ki sa mai sauƙi irin 1234 ko shekarar haihuwa, in jiharki tana da manhajar kulle kati ko hana ja daga wata jiha ki sa jika ya kunna miki. Duk wanda ya kira ko ya turo tes yana tambayar lambar sirri ɓarawo ne, ofis baya tambaya.

Ita kuma wasiƙar kar ki ajiye ta a ƙarƙashin filo. Kina da kwana 90 ki nemi a saurari ƙorafinki a gaban jami'in da ba shi ya yanke hukuncin ba, amma in kina so kar a taɓa kuɗin kafin a saurare ki, ki nema da wuri kafin ranar da aka rubuta ragin zai fara, yawanci kwana 10 ne. Ki sani dai in hukunci bai zo ta wajenki ba za su nemi ki mayar da rarar. Ni abinda nake zargi shine wata takarda ce bata isa fayil ɗinki ba lokacin sabuntawa, wanda ake yi bayan wata 6 ko 12 ga mafi yawan gidaje. Kuma tunda kin haura 60, duk abinda kike kashewa daga aljihunki na magani da asibiti da ya wuce dala 35 a wata ana cire miki shi a lissafi, har kuɗin motar zuwa asibitin, dattawa da yawa basa faɗa don ba wanda ya tambaye su. Ki tattara rasit ɗin ki tafi da su, ki yi hoton duk takardar da kika miƙa, kuma ki rubuta ranar da sunan wanda ya karɓa.