Hajiya, ki riƙe cikon kuɗin har a duba lintar

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kin ce an cire tsohuwar ƙofar shiga gida an sa ta Turkiyya mai ƙafa 4, tayil ya farfashe a bakin ƙofa, bango ya tsage daga sama, ƙofar kuma tana gogar ƙasa, ga shi masu aikin suna neman cikon kuɗinsu. Kula da aikin gini ne sana'ata a nan Kano, kuma shawarata ita ce kada ki biya tukuna.

Tsagewar nan ta sama ta fi damuna. Yawancin tsofaffin gidajenmu ƙofa mai ƙafa 3 aka yi musu, lintar da aka zuba a kai, wato kankaren da ke ɗauke da nauyin bangon saman ƙofa, ita ma daidai wannan faɗin take, da ɗan abin da ta hau kan bulo hagu da dama. Idan aka zo da mai ƙafa 4, dole a faɗaɗa wurin. Mai gaggawa sai ya ɗauki guduma ya fasa bulon da lintar ke zaune a kai, ya cusa firam, ya shafe da filasta. Daga nan nauyin bango ya koma kan firam ɗin, shi ya sa wata ƙofar ke fara gogar ƙasa ko makulli ya ƙi shiga. Ki sa wani birkila daban, wanda ba yaronsu ba, ya kankare filastar kusurwoyin sama biyu a ga ko lintar tana da wurin zama. In tsagar ta tashi daga kusurwa ta yi sama a karkace, kar a bari su toshe ta da siminti su tafi. Sai an tokare wurin an zuba sabuwar linta da rodi, ta hau bango aƙalla inci 6 kowane gefe.

In lintar lafiya take, to matsalar daga kafa firam ne. Ana cika cikinsa da kwaɓin siminti, a sa katako a tsakiya ya tokare shi don kada ya matse, a duba da lebur, wato abin auna daidaito, sannan a bar shi wasu kwanaki ba a bugawa. Da yawa ba sa jira, ranar da suka kafa ranar suke miƙa makulli. Gyaran shi ne a sassauta a sake saitawa. Kar ki yarda a yanke ƙasan ƙofar da giranda, tsatsa za ta shiga ta nan da damina ta farko.

Tayil kuwa su za su saya. Ki ɗauki guntu ki aika Kasuwar Ƙofar Ruwa a nemo irinsa. In ya ƙare a kasuwa, a sa dutsen mabul a dokin ƙofar. Ki kuma gwada makunnin fitilar da ke kusa, domin bututun waya kan bi ta gefen ƙofa, kuma an sha huda shi a rufe ba a faɗa ba.

Ki ɗauki hoton komai yau, kafin kowa ya taɓa. Maganarki da wanda kika ba kafin alƙalami ce, ko dilan ƙofar ne ko ogansu, ba yaran da aka turo ba. Su ma haƙƙinsu na nan, ba cewa na yi a cinye musu gumi ba: a yi lissafin gyara a gaban shaidu biyu, a cire daga cikon, a ba su saura. In ya ƙi zuwa, ki sa maigida ko wani babba namiji ya kai maganar wurin mai unguwa, da hotunan da shaidar tura kuɗin.