An miƙa mini alli, ba a nuna mini hanya ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Malam. Bara na gama NCE, aka tura ni wata firamare. Hedimasta ya miƙo mini alli da rajista, ya ce ga 'yan aji uku nan. Sun haura tamanin, yawancinsu ko sunansu ba sa iya karantawa. Abin da aka koya mana a kwaleji ya ƙi ci a ajin nan. Yaya zan yi? Daga wata malama a Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki karaya. A zamanin kwalejojin horon malamai na Gired Tu, ba a sakar wa sabon malami aji sai wani babba ya sha zama a bencin baya yana kallonsa, ya bi tsarin darasinsa da jan biro. Da aka mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, ilimin takarda ya ƙaru, amma wannan renon ya yi rauni, kuma abin yana damuna ƙwarai. Lokacin da malaman firamare 21,780 suka faɗi jarrabawar gwaji a Kaduna a 2017, an yi ta zaginsu, ba a cika tambayar wa ya rene su a bakin aiki ba.

Ki nemo mai renonki da kanki. Da wuya a rasa dattijuwar da ajinta ke tsit ba tare da bulala ba. Ki gaishe ta, ki roƙi zama a ajinta. Ki lura da inda take tsayawa, yadda take kiran suna, da abin da take yi idan na baya sun fara surutu. Sannan ita ma ta zo ta ga naki darasin, ki jure abin da za ta faɗa.

Su kuma yaran, ki fara sanin matsayin kowa. Ki riƙa kiran goma kullum, ɗaya bayan ɗaya, ki nuna musu harafi, sai gaɓa irin ba, bi, bu, sai kalma kamar "baba". Inda yaro ya cije, nan ne rukuninsa. Kowace safiya ki ware rabin awa, masu haruffa gefe, masu gaɓa gefe, waɗanda suka iya su ja 'yan'uwansu. Da Hausa za ki fara. Wanda ya iya karanta harshensa, Turanci ba ya ba shi wuya sosai.

Ki yi rajista da TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta Najeriya, ki kuma riƙa tambayar ofishin sakataren ilimi lokacin bitar malamai. In kin yi zango ɗaya a haka, ki sake rubuto mini in ji yara nawa suka tsallake zuwa kalma.