Amsa: Me ya sa Staphylococcus ɗina ya fito ruwan hoda a gwajin Gram?

Ɗan'uwa, ka ce ka rina ƙwayar bakteriya ta Staphylococcus aureus amma ya fito ruwan hoda maimakon shunayya. Kusan kullum laifin matakin wankewa da alkohol ne.

Gwajin nan da Hans Christian Gram ɗan ƙasar Denmak ya fito da shi a 1884, bangon ƙwayar yake dubawa. Masu Gram-fozitib, irin su Staphylococcus, bangonsu na feftidogilaikan (sinadarin da ke gina bangon ƙwayar) mai kauri ne, shi ke riƙe rinin farko, wato kiristal bayolet mai launin shunayya. Masu Gram-negetib, irin su E. coli, nasu siriri ne, da wata fata mai maiƙo a waje wadda alkohol ke narkarwa, rinin ya zube, su ɗauki na biyu, wato safaranin mai launin ruwan hoda.

Kiristal bayolet minti 1, ka ɗauraye, aidin minti 1, ka ɗauraye. Alkohol kuwa daƙiƙa 10 zuwa 20 kawai: ka karkata gilashin da ka shafa ƙwayar a kai, da zarar abin da ke gangarowa ya daina fitowa da launi, maza ka sa ruwa. In asiton ne, ya fi haka sauri nesa ba kusa ba. Sannan safaranin kamar minti 1. In ka zarce da alkohol, har mai kaurin bangon sai ya saki rinin farko, ya fito ruwan hoda.

Duba shekarun ƙwayar kuma. Wadda ta wuce awa 24 a farantin da ake rainonta bangonta ya fara lalacewa, sai ka ga launi biyu a cakuɗe. Haka in ka ƙona gilashin da yawa a wuta wajen kafe ƙwayar a kansa.

Siffa ma tana taimakawa: in ka ga ƙwallaye a cure kamar nonon inabi, Staphylococcus ne, ka sake rinin da sabon faranti.