Zauren Baba Malam: Ni kaɗai ke koyar da waƙa a lekol ɗinmu, ina zan je in ƙaro sani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam, ya gida ya iyali, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni malamin firamare ne a nan Garwa ta Kamaru, shekarata huɗu da fitowa daga ENIEG wato makarantar horon malaman firamare, kuma tun da direkta ya ji ni ina rera waƙa da yaran ajina shikenan aka ɗora min koral ɗin makaranta gaba ɗaya, wato rukunin yara masu rera waƙa, alhali ni ban karanci kiɗa ba, ɗan abin da aka koya mana na solfej wato karatun notar kiɗa a makarantar horon malamai bai fi cikin cokali ba kuma ma na manta. Ba a tunawa da ni sai 11 ga Fabrairu ranar matasa ta matso ko 20 ga Mayu ranar bikin ƙasa, a ce in shirya yara su yi defile wato fareti. Wallahi Baba ina son aikin nan, yaran ma suna so, amma ji nake kamar tafiya nake cikin duhu, ba wanda zan tambaya ba wanda zai ce min nan ka yi daidai nan ka kuskure. Shin akwai inda mutum zai je ya ƙaro ilimi, ko wata ƙungiya ta malaman waƙa? Daga ɗanka, wani malami a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na karanta wasiƙarka har sau biyu don ni ma haka aka yi min lokacin ina sabon malami a wani ƙauye kusa da Marwa, kai dai a ji kana da murya an gama, kai ne mai koral kai ne mai taken ƙasa kai ne mai bikin raba sakamako, kuma ba wanda zai tambaye ka ko ka iya.

In karatun takarda kake nufi toh akwai shi. Akwai makarantar fasaha ta Fumban da ke ƙarƙashin jami'ar Dschang, akwai ta Nkongsamba ƙarƙashin jami'ar Duwala, mu kuma nan arewa tun 2008 muna da jami'ar Marwa da babbar makarantar horon malamai wato ENS, duk da konkur wato jarrabawar gasa ake shiga irin waɗannan wurare. In kana da hali da takardu ka bi ka bincika abin da suke ɗauka a bana, ba zan hana ka ba. Amma na san albashin malamin firamare na san nauyin gida, kuma yaran nan gobe da safe suna jiranka ba sai nan da shekara uku ba. Saboda haka bari in faɗa maka abin da ya taimake ni a zahiri.

Ɗana ba kai kaɗai ba ne. A Garwa kaɗai ka ƙirga makarantu nawa ne ke fita defile ranar matasa, kowace ɗaya akwai wani bawan Allah ko baiwar Allah da aka ɗora wa kayan nan kamar kai, yana zaune yana tunanin shi kaɗai ne. Ranar gwajin defile duk kuna fili ɗaya cikin rana ɗaya, kowa na hararar yaran ɗan uwansa don gasa, a watse ba wanda ya karɓi lambar wani. Bana ka karɓi lambar mutum uku, uku kawai, kar ka ce sai ka tara talatin, kar ka fara da zaɓen shugaba da ma'aji da rubuta dokoki, na ga taro da yawa da suka mutu tun a wajen rabon muƙami kafin a rera baiti ɗaya. Ku buɗe guruf a WhatsApp, ku sa Laraba ɗaya a wata da yamma tunda an tashi da wuri, ku zauna a ajin ɗayanku, kowa ya zo da waƙa ɗaya da ya koyar da abin da ya ba shi wahala a cikinta. Sauran su zama yara, shi ya koyar da su kamar yadda yake yi a aji. Wallahi a minti goma za ka ga abin da kai ba ka taɓa lura ba, wani yana rera wa yara waƙa tun daga farko har ƙarshe sannan ya ce su maimaita, wani kuma layi-layi yake bayarwa suna amsawa, nan take za ku ji wanne ya fi shiga.

Ni abin da ya fi buɗe min ido shi ne ranar da wata malama ta zo ta zauna a bayan ajina ta kalli darasina, da muka fito ta ce Malam muryar babba kake ɗaukar musu waƙa da ita, can ƙasa, su kuma muryarsu sama take shi ya sa suke gurnani. Shekara nawa ina cewa yaran ne ba su da kunne. Tun daga ranar nake ɗaukar sautin farko daga inda yaro zai iya, yanzu ma abin ya zo da sauƙi, akwai manhajar piyano kyauta a waya, ka danna sauti ɗaya kowa ya kama sannan a fara. Taken ƙasa ma haka, in aka bar yara su fara daga inda suka ga dama sai a zo wajen hawa su maƙale. Af, ka san kuwa taken nan namu ɗaliban makarantar horon malamai ne suka tsara shi, a Fulasi can kudu, a 1928? Masu shirin zama malaman firamare ne irinka. Ka faɗa wa yaranka wannan, ka faɗa wa direkta ma.

Sannan malamanka na gaske suna nan cikin gari ba su da difloma. Ka je fadar Lamiɗo ranar Juma'a ko ranar hawan sallah ka tsaya kusa da masu algaita da kakaki da ganga, ka kalli yadda mai algaita yake cika kumatu yana shaƙar iska ta hanci sautin bai yanke ba, wannan ilimi ne da ake shekaru ana koyo. Ka nemi mai kalangu a unguwa, ka je da goronka da ladabinka ka gaishe shi a matsayin malami, don malamin ne, ka roƙe shi ya nuna muku yadda yake matse tsarkiya a hammata sauti ya hau ya saki ya sauka. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuka na hawaye daban kukar miya daban, wuyan jiki daban wuyar aiki daban, kuma wannan hawa da saukar ita kalangu ke bi har ka ji yana magana. Yaron da ya gane haka ya riga ya gane sama da ƙasa a waƙa, do re mi suna ne kawai za ka sa masa daga baya. In kun gayyato shi makaranta ku sallame shi da mutunci, ku yi ɗan adashi ko da sefa 500 ne kowa a wata, kar a ɗauki ilimin mutum kyauta don kawai ba ya jin Faransanci. Kuma ajinka ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Fulani akwai Fali akwai Tupuri da Masa da Mundang da Gidar, kowane yaro ka ce ya tambayo kakarsa waƙa ɗaya ta reno ko ta daka ko ta wasa, ka ɗauka a waya ka rubuta a kaye wato littafin rubutu da sunan harshen da ma'anarta. Ku huɗu in kowa ya tara goma a shekara kun sami littafin da ba a sayar da shi a kasuwa.

Shi kuma karatun nota, masu koral na coci da yawansu sun iya shi sosai, ko na Katolika ko na Lutheran, wasunsu ma abokan aikinka ne a makaranta ɗaya. Ka ce ya koya maka a takarda a ofis ko a gindin bishiya, kai ma ka koya masa abin da ka ɗauko wajen mai kalangu. Turawan da ake ambato a wannan fanni, Kodály na Hangari da Orff na Jamus, in ka duba abin da suka tsaya a kai shi ne yaro ya fara da muryarsa da tafinsa da waƙoƙin garinsu kafin a kai shi ga takarda, akwai bidiyonsu da yawa a YouTube har da Faransanci, in ɗaya ya sauke sai ya tura wa saura a huta da kuɗin data.

In kun yi wata biyar ko shida kuna haɗuwa, sannan ku je wajen inspekta na arondisman ku roƙi a ba ku awa ɗaya a ranar taron ƙara wa juna sani da ake yi wa malamai. Kar ku je da koke, ku je da darasi a hannu ku nuna. Fannin fasaha yana cikin manhajar firamare ta 2018 tare da harsuna da al'adun ƙasa, ba alfarma kuke nema ba. Ranar kiɗa ta 21 ga Yuni ma ku leƙa Alliyans ta Garwa wato cibiyar al'adu ta Faransa da Kamaru da gidan rediyon CRTV ku ga me ake shiryawa, a irin wuraren nan ake haɗuwa da masu gita da piyano da za su iya ba ku awa ɗaya.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni malama ce a Ngawundare, wani uba ya zo har aji ya ce in cire ’yarsa daga waƙa, wai shi bai kawo ta lekol don ta zama zabiya ba, gaban yara ya faɗa, na ji kunya ƙwarai har na yi kuka a gida. Yaya zan yi? Daga ’yarka.

AMSA: Lafiya lau ’yata, sannu, Allah ya huci zuciyarki. Bai kyauta ba da ya yi miki a gaban yara, amma kar ki riƙe shi a matsayin abokin gaba, tsoro ne yake ji wa ’yarsa, kin san yadda mutanenmu suke kallon roƙo da maroƙa tun kaka da kakanni, ga kuma abin da yake gani a TikTok. Maganar halaccin kayan kiɗa malamai sun yi saɓani a kai kuma ni ba zan ba da fatawa ba, ke ma kar ki tsaya jayayya da shi a nan. Ki nemi shugaban APEE wato ƙungiyar iyaye da malamai ko wata dattijuwa cikin iyaye ta raka ki gidansu, ki gaishe shi ki nuna masa kayen waƙoƙin ya karanta da idonsa, na wanke hannu ne, na lissafi ne, na girmama iyaye ne. Ki tuna masa Nana Asma'u ’yar Shehu Ɗanfodiyo da waƙa ta karantar da mata ta hannun ƙungiyar matan nan ’yan taru, da Fulatanci da Hausa, kuma har gobe a Islamiyya da rerawa yara ke haddace abubuwa da yawa. In ya ce ya yarda da murya amma ban da rawa da fita fili, ki karɓa, ki bar yarinyar ta rera a aji ko ta riƙa rubuta baitoci. In ya ƙi gaba ɗaya ki sanar da direkta, kuma don Allah kar ki bari yarinyar ta ji kamar ita ce ta yi laifi, ki ba ta wani aiki a lokacin, ki ci gaba da sakar mata fuska. Sannan ki karanta amsar da na ba ɗan uwanki na Garwa, da kina da malamai mata biyu da za ki kira a daren nan da kukan bai yi tsawo haka ba.

TAMBAYA: Baba yara sun fi 90 a ajina a Kusiri, duk sati muryata dishewa take, kuma ko ganga ɗaya ba mu da ita.

AMSA: Ɗana ka daina rera waƙa tare da su, nan ne muryar ke tafiya. Ka bayar su amsa, in suna yi kai ka yi shiru ka saurara, da ma sai ka yi shiru za ka ji inda suke kuskure. In kana so su nutsu kar ka yi ihu, ka yi tafi iri ɗaya da suka sani su mayar maka. Ka raba ajin gida uku, waɗannan tafi waɗannan buga benci waɗannan amshi, sai a juya. Ruwa kar ya rabu da teburinka musamman lokacin hunturu da ƙura da ƙurar alli, in dishewar ta wuce sati biyu ba ta sake ka ba ka je asibiti a duba maƙogwaron. Ganga kuwa, ƙwarya a kife cikin roba mai ruwa tana ba da sauti mai kauri, gwangwanin madara da tsakuwa ya zama kacau-kacau, tsohon jarka ma yana yi. Ka sa yaran su haɗa da hannunsu, ka rubuta sunan ajin a jiki, ka samo kwali ɗaya a ajiye a ofishin direkta don kar su bi yara gida.